Muryar Kaka a Bakin Dodanni

Helsinki, 4 ga Satumba, 2016

Zuwa ga Gwaggo Roshan Numa,

Ya Ali madad. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da gwiwar nan taki da ba ta shiri da sanyi, da idon da kika ce ya fara yi miki hazo. Ki gaida mini mutanen Shirindasht baki ɗaya. Ni lafiyata ƙalau, sai kewar shayin gishiri. Mutanen nan kofi suke ɗirka kamar an yi musu wasiyya da shi.

Gwaggo, albishir biyu gare ni. Na farko, aikin da na shekara biyu ina fama da shi ya fito. Kin tuna na ce miki wani kamfani mai yin wasannin kwamfuta ya ɗauke ni in ƙirƙiro masa harshe? A cikin wasan akwai wata duniya da babu ita, da al'ummu da babu su, kuma kowace sai an ba ta bakin magana. Irin wannan harshe ba daga iska ake ɗebo shi ba. Masu sana'ar sukan nemi wani harshe na gaske su jingina da shi. Su ɗauki amonsa da yadda kalmominsa ke ƙarewa, sannan su sauya saiwoyin, ta yadda mai harshen zai ji kamar ya san shi amma ba zai gane ba. Mutanen Finland suna alfahari cewa an taɓa gina harshen mutanen ɓoye na littattafai a kan nasu. Mutanen Wales ma haka. Sai na ce a raina, to harshenmu na Wakhi fa, da me aka fi shi? Na gina kalma dubu da ɗari biyu a kan harshenmu, na ba wata al'umma da ke zaune cikin duwatsu. Kaset ɗin Kaka Nawbahar da kika saka mini a jaka ranar da zan taho ya yi mini amfani ba kaɗan ba. Yanzu amon kwarinmu ya shiga ƙasashe sittin.

Na biyu, tunda Allah ya buɗa, ina so in yi nomus, aikin alherin nan na tunawa da mamaci, da sunan Kaka: gada a mashigin kogi, daidai inda ruwa ya ci Baba. Igiyar ƙarfe da katako da garin gurasar masu aiki duk a wuyana, mutanen gari su kawo ƙarfinsu yadda aka saba. Na gaji da jin cewa har yau a cikin akwati ake jan mata da tsofaffi a kan waya ɗaya in za su hau makiyaya. Na rubuta wa mai gari Izat Shah. Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Didar Karim

*

Shirindasht, 2 ga Oktoba, 2016

Ɗana Didar,

Maula Ali madad. Wasiƙarka ta iso jiya a motar Shambi, tsakanin buhun gishiri da galan na kananzir. Ta sha ƙamshi, amma ta karantu. Muna lafiya. An gama haƙar dankali, mata sun sauko daga makiyaya da man shanu da busasshen cukun nan kurut mai yawa, gwiwa kuma tana nan tana mulkinta. Ido ne zan kai wa likita a Gilgit cikin watan nan.

Sau huɗu na karanta ta. Kai ne fa yaron da na sha ja wa kunne saboda ba ka iya fito da sautin nan namu na can cikin maƙogwaro ba, yau kai ne kake koya wa Turawa shi? Shekara talatin ina gaya wa ɗalibaina cewa harshen da ba a rubuta shi a jikin takardar kuɗi ba shi ma harshe ne, suna kallona kamar mai tallan ƙanƙara a hunturu. Ranar Litinin zan shiga aji da wasiƙarka a hannu. Ka aiko mini da jerin kalmomin nan naka, in ga me ka yi wa sunan ruwa, me ka yi wa sunan uwa. Da jan biro zan duba, kada ka ce ban faɗa maka ba.

Maganar gada ta sa Izat Shah kuka a gaban mutane, shi da ko a jana'izar mahaifinsa bai yi ba. An tsayar da watan Maris, lokacin da ruwa ke ƙasa. Maza arba'in da biyu sun ba da sunansu, mata sun raba kwanakin gurasa. Albarka kuwa ka same ta tun kafin ka roƙa.

In za ka zo aikin, ka taho mini da kaset ɗin nan. Tun da na ba ka shi ban sake jin muryarta ba.

Gwaggonka,
Roshan Numa

*

Gilgit, 20 ga Oktoba, 2016

Didar,

Gaisuwa. Ina lafiya. Likita ya ce yanar ido ce, za a cire ta baɗi. Da ma kunnen ne ya yi yanar.

Bayan mun fito daga asibiti Shambi ya tsaya a kasuwa a gyara masa waya, na bi shi don in huta daga rana. Mai shagon babban mutum ne, har da furfura a gemu, amma ya kafa wa gilashin wata kwamfuta ido yana danne-danne kamar zai ci shi. Ya ce, "Inna, zauna mana. Bari in kashe waɗannan 'yan banzan tukuna."

Na duba. Wasu halittu ne masu launin toka, ba leɓe, suna fitowa daga kogo suna jan gawarwaki ta ƙafa. Suna magana. Didar, na yi murmushi. Wallahi sai da na yi murmushi, don na ji sautinmu na maƙogwaro ya fito daidai, na ce wannan aikin ɗana ne. Ban gama murmushin ba sai waƙa ta tashi.

An ja ta, an kumbura ta, an mai da ita kamar kukan bijimin da ake yankawa. Amma kalmomin ba naka ba ne na ƙirƙira. Namu ne, babu wadda aka taɓa. "Kogi, ka ari rigar ɗana da safe, ka ce da yamma za ka mayar." Muryar uwata ce.

Mai shagon ya ga na miƙe. Ya ce, "Ta ba ki tsoro ko? Waƙar masu cin gawa ke nan. In ta tashi, to ka shirya, sun fito. 'Ya'yana har kwaikwayonta suke yi in suna son su sa ƙanwarsu fitsari." Sai ya juya wajen Shambi yana dariya. "Kai direba, wallahi kamar yarenku na can sama! Ko danginka ne?"

Shambi ya juya masa baya. Ya ɗauki wayarsa ba a gama gyarawa ba, ya riƙe ni muka fita. A mota ya ce, "Malama, ko kunnena ne?" Na ce ba kunnenka ba ne.

Ka san mene ne wannan da ka ba su? Bulbulik ne, waƙar makokin matan makiyaya, da ta yi wa ubanka. Kwana tara ana neman Aman a bakin kogi, rigarsa kaɗai aka samu. Ba ta yi kuka a gida ba, ba ta yi a jama'atkhana wajen ibada ba. Sai da aka hau makiyaya, inda babu namiji, ta zauna a kan dutse ta fuskanci kwari ta buɗe baki. Ni da ba na hawa, a shekarar na bi ta da rakoda don ina tsoron kada ta faɗa wani rami da gangan. Sau ɗaya ta yi waƙar daga farko har ƙarshe. Har ta koma ga Allah ba ta sake ba.

Ka ce mini "al'umma da ke zaune cikin duwatsu". Kalmomin nan ka zaɓe su da kyau, na ba ka maki. Mutanen Finland an ba harshensu ga kyawawan mutanen ɓoye, sai su yi ta alfahari. Mu ɗanmu na cikinmu ya miƙa namu ga masu cin gawa, ya haɗa musu da hawayen kakarsa su yi kirari da shi.

Ban shiga aji da wasiƙarka ba, Allah ya sa na ce sai jerin kalmomin ya iso. Kada ka aiko shi. Ka amsa mini abu ɗaya: ƙwace maka suka yi, ko kai ka ba su?

Roshan Numa

*

Helsinki, 12 ga Nuwamba, 2016

Gwaggo,

Ya Ali madad. Ina gaishe ki, ina yi miki sannu da ido. Ni ba zan ce ina lafiya ba. Tun da wasiƙarki ta zo ban ci abin kirki ba.

Na rantse da kabarin Baba ban sani ba. A jikin kaset ɗin abin da kika rubuta shi ne "Kaka a makiyaya, 1994". Babu sunan Baba a cikin waƙar, kin san ba a ambatar suna. Na ji kogi, na ji riga, na ɗauka irin waƙoƙin kewar nan ne da kowace tsohuwa take da su. Ina ɗan shekara huɗu ya rasu. Wa ya taɓa zaunar da ni ya ba ni labarin rigar? A gidanmu in aka zo kan maganar Baba sai kowa ya tashi ya duba tukunya. Ina da shekara tara kika sa ni a motar Gilgit, kika ce Turanci ne zai fitar da ni daga kwarin nan. Ya fitar da ni, Gwaggo. Ba ƙorafi nake yi ba, amma abin da na sani na gida ɗan kaɗan ne, kuma ke kin san iyakarsa.

Ga yadda aka yi. Da farko mutanen dutsen nan masu tsaron wuta ne, mutanen kirki. Da na karanta wa shugaban aikin jimlolin farko sai ya ce harshen yana da kaushi, yana sa tsigar jiki tashi, ya fi dacewa da abokan gaba. Aka sauya labarin. Na yi gardama kwana biyu, na gaji na bari. Kaset ɗin kuwa na kai ne don masu yin muryoyin su ji yadda ake furta sautukan. Mai haɗa sauti ya ji waƙar ya ce bai taɓa jin irinta ba. Suka kawo takarda cewa naɗin nawa ne, babu wani mai haƙƙi a kansa. Na sa hannu. Ba ƙwacewa suka yi ba.

Na ɓoye miki maganar dodannin don na san ranki zai ɓaci. Amma Gwaggo, kowane labari sai da mugaye, kuma masu wasan sun fi son su a kan jaruman. Akwai mutane a Brazil da Koriya da suke haddace kalmomin nan. Cire waƙar yanzu abu ne mai wuya, sai in na ce musu ƙarya na yi a takarda, kuma wannan ƙarshen aikina ke nan.

Igiyar ƙarfe ta baro Rawalpindi. Ki bari gadar nan ta zama neman gafarata wajen Kaka.

Ɗanki mai kunya,
Didar

*

Shirindasht, 5 ga Disamba, 2016

Didar,

Gaisuwa. Muna lafiya, dusar ƙanƙara ta sauko har bakin gonaki. Igiyarka ta iso, an naɗe ta a bakin kogi kamar macijin da sanyi ya kama.

Na karanta. Cewa ba ka sani ba, na yarda, kuma rabona na laifin zan ɗauka in kai gaban Allah da kaina. Amma ka san muryar kakarka ce. Ka san ba taka ba ce, ka sa hannu ka ce taka ce. Ka ga abin da suka yi da ita, ka zauna ka rubuto mini albishir. Yanzu kuma kana so ka shimfiɗa katako a kan maganar mu taka mu wuce, mutanen Brazil su ci gaba da hadda.

To ji abin da na yi, don kada ka ji a bakin wani a rage maka.

Na sa Shambi ya koma shagon nan ya ɗauko mini waƙar a wayarsa. Ranar Alhamis da hantsi na tara mata a ɗakin Zarbano, ƙawar Kaka, wadda take zaune kusa da ita a kan dutsen ranar da ta yi waƙar. Ban yi dogon bayani ba, na kunna. Zarbano tana kaɗa ulu. Ta saurara har ƙarshe, ta ajiye mazarin, ta ce, "Wane kare ne ya haɗiye Nawbahar?" Na faɗa mata sunan karen.

Washegari aka yi taron maza a gidan mai gari don raba aikin gada. Na shiga ban nemi izini ba. Duk wanda ke ɗakin nan, in ka cire tsofaffi uku, ni na kama masa hannu ya rubuta alif. Na kunna musu su ma.

Izat Shah ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce, "Malama, abin ya yi muni. Amma gada ba ta da laifi. Yaro ya yi kuskure, ga shi yana gyarawa."

Na ce, "Izat, nomus mene ne? Na koya maka a aji uku, ko ranar ma kana can kana satar tuffa?"

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce, "Ɗaga sunan mamaci ne."

Na ce, "To wanda ya jefa sunan a rami da hannun hagu, shi ne zai ɗaga shi da na dama, ku kuma ku ba shi bayanku kyauta ya taka?"

Wani daga baya ya ce, "Malama, matanmu ne fa suke shiga akwatin nan, ba Didar ba."

Sai ga Zarbano a bakin ƙofa, da sandarta, da mata a bayanta. Ta ce, "Mu da muke shiga akwatin mun ce mun ji mun gani. Shekara sittin ina shigarsa. Garin da ya aiko yana nan, wanda ya iya kwaɓi a cikinku ya kwaɓa. Hannun mace dai ba zai taɓa shi ba."

Ka san sauran. Ba gurasa, ba nomus. Maza arba'in da biyu suka janye sunansu ɗaya bayan ɗaya, ni na riƙe takardar ina sokewa. Da jan biro. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗin kowane layi.

Kana da damar ɗauko 'yan kwangila daga Gilgit su kafa maka gada. Za ta tsaya, amma ba za a kira ta da sunan Nawbahar ba, gadar dodanni za a ce, kuma ni zan fara faɗa.

In kana son hanya, guda ce. Ka je ka tsaya gaban mutanen nan ka ce ƙarya ka yi. Ka goge muryar uwata daga duk inda hannunka ya kai ta, kada ka bar ko ɓurɓushi. Ka ce ƙarshen aikinka ke nan. Na ji. Ubanka ma a bakin aikinsa ya ƙare, yana tsallakar da tumakin mutane, bai sayar da kowa ba.

Roshan Numa

*

Shirindasht, 26 ga Fabrairu, 2017

Didar,

Gaisuwa, in har kana karɓarta. Muna raye. Zarbano ta yi mura ta warke.

Wata uku ba ko layi ɗaya. Na san ƙanƙara ta zubo ta toshe hanya mako biyar, na yi maka wannan uzurin har ya tsufa. An buɗe hanya shekaranjiya, motar farko ta shigo da gishiri da magani, babu komai daga gare ka. Na gane. Ka auna aikinka da kakarka, ka ga wanda ya fi nauyi.

Izat Shah ya zo sau uku yana roƙona, wai Maris ya ƙarato, in ruwa ya taso sai wata shekara. Na ce ya taso. Igiyarka ta fara tsatsa, kullum in na fita ɗibar ruwa sai na tsaya na kalle ta. In bikin sabuwar shekara na Nauroz ya zo ban ji daga gare ka ba, zan sa a mirgina ta cikin kogi, ta je ta gaida ubanka ta gaya masa irin ɗan da ya bari.

Abu ɗaya ya rage tsakanina da kai. Ka ba wani amintacce kaset ɗina ya kawo mini, kada ka sa shi a gidan waya. Shi kaɗai ne. Rakodata ba ta kwafi, ban taɓa yin na biyu ba. Na ba ka shi ne don kai ne ɗan Aman, na ce ko ba ka gane yau ba wata rana za ka gane. Ba ka cancanci ya kwana a ɗakinka ba.

Roshan Numa

*

Helsinki, 28 ga Janairu, 2017

Gwaggo,

Ya Ali madad. Ina gaishe ki da sanyi, ina gaida Inna Zarbano ko da ba za ta amsa ba. Ina lafiya. Wasiƙarki ta Disamba ta same ni, ban amsa da wuri ba don na ƙudura ba zan sake rubuto miki alkawari ba, sai abin da ya riga ya faru.

Na yi. Na shiga ofishin shugaban na ce takardar da na sa wa hannu ƙarya ce, naɗin ba nawa ba ne, na gwaggona ne, kuma makokin mahaifina ne. Ya dube ni ya ce, "Ka san abin da kake jawo wa kanka?" Na ce na sani, an riga an lissafa mini daga gida. Mako huɗu lauyoyinsu suna juya ni. Ranar Talata suka cire waƙar, suka sa wata da wani ya yi musu da inji. Duk wanda ya sabunta wasansa ba zai sake jin Kaka ba. Waɗanda ba su sabunta ba, babu yadda zan yi da su. Harshen kuma yana nan a bakin dodannin, wannan nasu ne, da shi zan mutu.

Sun sallame ni, sun cire sunana. Sana'ar nan ƙarama ce, kowa ya san kowa, ba na jin wani zai sake kirana. Ban faɗa don ki tausaya ba.

Kin ce kada in bar ko ɓurɓushi. Na tsaya a kansu har suka goge nasu a gabana. Na goge na kwamfutata, da wanda na ajiye a wani wuri don tsaro. Kaset ɗin ne ya fi ba ni wuya. Na saurare shi sau ɗaya, karo na farko da na san abin da nake ji. Sannan na zare zaren duka na sa a murhu, na tsaya har ya ƙone. Na san kin so in dawo miki da shi, amma wancan kafin ki san abin da na yi ne, kuma kwafin da ya bi ta hannuna bai kamata ya koma kusa da na asalin da ke akwatinki ba. Yanzu muryar Kaka tana wuri ɗaya tak a duniya, wajenki, inda ya kamata tun farko.

Ban roƙi gada ba. In kin ce in zo, zan zo.

Ɗanki,
Didar

*

Shirindasht, 17 ga Maris, 2017

Didar,

Maula Ali madad. Muna lafiya. An fara kai taki gona.

Wasiƙarka ta Janairu ta yi mako biyu a cikin buhu a ƙasan hanya, ta iso kwana biyu bayan tawa ta tafi. Sun wuce juna a wani wuri. Yanzu ka karanta tawa, ka san abin da ka sa a murhu. Ba sai na maimaita ba.

Na ɗauko kwafin wasiƙata ta Disamba na duba, ko zan sami inda ka karanta ba daidai ba in kama ka da shi. Babu. "Kada ka bar ko ɓurɓushi." Rubutuna ne. Shekara talatin ina neman ɗalibin da zai yi abin da na ce daidai yadda na ce, sai yanzu Allah ya ba ni.

To, na yi nasara. Na so ka rasa abin da kake ji da shi, ka rasa. Na so ka ji kunya a gaban mutane, ka ji. Na kai wa Zarbano labari ina jiran ta ce madalla. Ta ce, "Ke da shi duk jakuna ne, sai dai ke kin yi makaranta." Sannan ta aika a buɗe buhunan garinka.

Za a fara aiki kwana uku bayan Nauroz, ruwa bai taso ba tukuna. An goge tsatsar igiyar da mai. Ka zo. Amma ka ji sharuɗɗana, don ban yafe maka ba, kada wani ya gaya maka na yafe. A allon gada za a rubuta Nawbahar da ɗanta Aman. Layin ƙasa, inda ake sa sunan mai bayarwa, za a bar shi fili, duk mai wucewa ya tambaya a ba shi labari. Ba za ka zauna a inuwa kana zuba wa mutane shayi kamar masu nomus ba. Dutse za ka ɗauka a bayanka, a tsallaken can, inda aka tsinci rigar. Ni zan nuna maka wurin.

Kalmomin waƙar suna kaina, amma ban iya karin ba, ban taɓa ɗaukar waƙar makiyaya abin da malama za ta koya ba. Zarbano ta ce tana da shi a maƙogwaro, sai dai ba za ta yi shi a cikin gari ba, sai a kan dutsen. Shekararta tamanin da ɗaya. Don haka gadar nan dole ta tsaya kafin Mayu, in bi ta da wannan gwiwar mu hau. Ba zan tafi da rakoda ba.

Ranar Asabar na koma Gilgit, na ce wa mutane maganar ido ce. Shagon nan na je. Mutumin bai sabunta nasa ba, wai layinsa ba ƙarfi. Na ce ya kai ni wurin da masu cin gawa ke fitowa. Ya ce, "Inna, ke da kika tsorata rannan?" Na ce kunna dai. Sau uku na sa ya maimaita, ina tsaye a gaban halittun nan da idona a rufe, yana ta kallon Shambi yana tambayarsa da hannu ko lafiyata.

Sun lalata komai, Didar. Amma a baiti na biyu, bayan ta ce "da yamma", akwai inda ta tsaya ta ja numfashi. Wannan ba su taɓa shi ba. Na roƙe shi kada ya sabunta.

Ka taho da takalmi mai ƙarfi. Duwatsun tsallaken suna da kaifi.

Gwaggonka,
Roshan Numa